Ba Ƙafata Ba Ce

Motar ta hannu ce, ƙarama, ruwan toka, mai giyar hannu. Wani ma'aikaci a Maigatari ne ya gaji da ita ya sayar, ni kuma na saya don na gaji da tsayuwar bakin titi. A Gumel nake aure, makarantar da nake koyarwa kuwa tana wajen Gagarawa Tasha. Shekara da shekaru ina jiran motar haya ta cika, a cusa ni tsakanin buhun riɗi da gwiwar wani, in isa aji in tarar yara sun cinye rabin darasin farko da surutu.

Maigidana bai iya mota ba. Babur yake hawa, yana bin ƙauyuka yana sayen riɗi da zoɓo, kuma babur ɗin ya ishe shi. Da na ce zan koyi tuƙi bai hana ba, ya ce to. Amma bai taɓa shiga motar ina ja ba, ni ma ban taɓa ce masa ya shiga ba, don na san inda abin yake yi masa ƙaiƙayi. Yayansa, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, yana da shago a bakin layinmu, kuma a ƙofar shagon akwai majalisa. Duk sanda na fito da mota sai kawuna su juyo gaba ɗaya su raka ni har kwana. Yaya bai taɓa ce mini komai ba. Ƙaninsa yake kira ya yi wa magana.

Ba a jima ba motar ta fara ƙara. In na ɗaga ƙafa daga totur sai in ji "gwaf" daga ƙasa, in na sake takawa in ji wani "gwaf" ɗin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sandar giya. Hannuwana biyu suna kan sitiyari, ba wanda ya taɓa ta, amma sai ta yi gaba, ta dawo baya, kamar mai gyangyaɗi. Wata rana ina ƙoƙarin haye wani yashi kusa da makaranta ta fice daga giya ta biyu, injin ya yi ta ihu a banza, motar ta tsaya cak a tsakiyar hanya, mai amalanke ya zagaye ni yana kallo.

Bakaniken da muke zuwa wajensa dattijo ne mai mutunci, tsohon direban motar haya, garejinsa na bayan tasha. Yadda ake yi kuwa, in mace ta kai mota, sai a gaishe ta da kyau, a ɗauko benci a ajiye mata a inuwa can gefe, a karɓi makulli. Shi zai shiga ya zaga da motar shi kaɗai ya dawo. Ba zai zauna kusa da matar wani tana tuƙi ba, ni ma ba zan zauna kusa da shi ba, wannan ba sai an faɗa ba.

Zuwan farko ya ce salansa ce ta saki, ya ɗaure. Kafin in kai gida na ji "gwaf". Zuwa na biyu ya canza shaf ɗin da ke juya tayar gaba. Na ji daɗi na yini guda, washegari a hanyar makaranta sandar ta ci gaba da rawarta. Zuwa na uku ya zaga ya dawo, ya ba ni makulli da hannu biyu.

"Malama, wallahi ban ji komai ba. Lafiyarta ƙalau."

Sauran maganar ba ni ya faɗa wa ba. Maigidana ya faɗa wa, a masallaci, cikin ladabi, cewa yana jin ƙafar Malama ce, mai yiwuwa tana sakin kuloci da garaje, sabon hannu ya gaji haka. Kafin magariba maganar ta isa majalisar Yaya.

Bayan mun ci abinci maigidana ya zauna yana murza hularsa a gwiwa.

"Malama, mai gyara ya ce motar ba ta da laifi."

"To ni ce mai laifin ke nan."

"Ban ce ba. Amma ni ban san mota ba, maganar wanda ya sani zan bi. In ta fice miki daga giya a gaban babbar mota fa? In aka koma makaranta bayan hutun nan abin bai daina ba, ki ajiye ta. A nemi direba, ko a sayar."

Na san rabi tsoro ne yake magana a bakinsa, rabi kuma Yaya. Duk da haka raina ya ɓaci ƙwarai. Na koyi tuƙin nan a filin ƙwallo da tsakar rana, gumi yana shiga mini ido, mota ta mutu mini a kan kuloci ya fi a ƙirga kafin ƙafata ta saba. Yanzu a ce in koma bakin titi ina ɗaga wa mota hannu, alhali tawa tana gida a rufe da tamfol? Na ce masa na ji. A zuciyata kuwa na ce kafin hutun nan ya ƙare sai na kama abin da ke ƙara, ko da aljani ne.

Sai na mai da motar ɗaliba, na shiga yi mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Da hantsi nakan fita hanyar Sule Tankarkar inda motoci ba su da yawa, in kashe rediyo, in sauke gilashi. Na tsaya na cire giya na taka totur, shiru. Na bi ta kan gargada da gangan, ta yi jijjiga amma babu "gwaf". Na murɗe sitiyari har ƙarshe na zaga fili, shiru, ashe shaf ɗin da aka cire ma zaluntarsa aka yi. Daga nan na sa giya ta uku a miƙaƙƙen titi, na cire takalmin hagu, na naɗe ƙafar a kan kujera kamar mai zaman tsintar shinkafa, yadda ko da mantuwa ba za ta taɓa kuloci ba. Na taka totur, "gwaf", sanda ta yi baya. Na saki, "gwaf", ta yi gaba. Na yi ta maimaitawa har na gaji, ina dariya ni kaɗai a mota. Ƙafar da ake zargi tana zaune a kan kujera ba ruwanta.

Saura tambaya ɗaya. Me ya sa dattijon nan ba ya ji? Ban yarda ƙarya yake yi ba. Ina cikin wannan tunani, wata rana a bakin kasuwa motar haya ta wuce ni a hankali, na hangi direban, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan sandar giya. Sai na tuna duk shekarun da na yi a kujerar baya ban taɓa ganin direban haya ya saki sandar nan ba. Motocinsu tsofaffi ne, giya na ficewa, don haka hannu yana nan a danne tun daga tasha har tasha, kuma totur lallaɓa shi suke yi. Bakanikenmu haka ya tuƙa mota rabin rayuwarsa. Da ya shiga tawa hannunsa zai tafi inda ya saba, ya danne sandar, ya kunna rediyo ya ji labarai, ya lallaɓa ta ya dawo. Abin da nake ce masa ya duba, shi ne yake riƙe da shi.

Na kuma yi tunanin cewa sanda ba ta da rai. In tana motsi, to abin da take haɗe da shi a ƙasa ne ke motsi. Amma ba zan zauna a kujerar direba in kuma leƙa cikin inji a lokaci guda ba, kuma a Gumel ba wanda zan sa ya leƙa mini maganar ba ta zaga gari ba. Sai na tafi Ɗanzomo wajen mahaifiyata.

Na shigar da motar bayan gida wajen rumbuna, na ja birkin hannu, na sa duwatsu a gaban tayoyi, na buɗe boneti.

"Inna, ki tsaya nan gefe, kada ki tsaya a gaba. Ki zuba wa baƙin ƙarfen nan ido, ki faɗa mini abin da ya yi."

"Ni me na sani a mota, 'yar nan? Ki rufa mini asiri kada ta tashi da ni."

"Ba sani nake so ba, ido nake so."

Ta gyara ɗaurin zani, ta riƙe ƙugu. Na sa giya ta ɗaya, na saki kuloci kaɗan kaɗan ina ba ta wuta. "Gwaf." Inna ta yi baya da salati. Na sa ribas na sake yi.

"Tsaya, tsaya! Ke, wannan tukunyar taki ai ba ta zauna ba. Tashi take yi ta faɗa, kamar an zare mata dutsen murhu ɗaya."

Na fito na rungume ta, tana ture ni tana cewa ina warin fetur.

Da na koma gida na ce wa maigidana ina so ya raka ni gareji sau ɗaya tak, bayan wannan duk abin da ya yanke na bi. Ya biyo ni a babur. Bakaniken ya taso da fara'a, ya sa hannu zai ɗauko bencin nan.

"Baba, yau ba zan zauna ba, kuma ba zan ba da makulli ba. Ni zan ja. Malam zai zauna a gaba, kai ka zauna a baya."

Ya dubi maigidana, maigidana ya dubi ƙasa. Har mai buga guduma a garejin ya tsaya. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi, amma na riga na buɗe ƙofa, kuma ban ga hanyar komawa ba.

"Malama, ai da kin bari na sake zagawa da ita."

"Ka zaga sau uku, Baba. Alfarma nake nema, ka zauna ka sa hannuwanka a cinya."

Maigidana ne ya fara shiga. Ya zauna a takure, bai ma san inda bel yake ba. Dattijon ya yi bisimilla ya shiga baya. Na bi ta bayan tasha na hau titi, na sa giya ta uku, na janye ƙafar hagu gefe.

"Ku dubi ƙafata. Yanzu ku dubi sandar."

Na taka, na saki, na taka, na saki. Motar ba ta ba ni kunya ba, ta yi ƙararta da ƙarfi, sandar tana kai da kawowa. Ta madubi na ga hannun dattijon ya taso daga cinya zai kamo ta, sai ya tsaya a hanya. Ya dubi hannun nasa ya jima.

"Ikon Allah," ya ce. "Juya mu koma, Malama."

Aka hau da motar kan rami, ya shiga da tocila. Can sai ya kira maigidana ya zo ya gani. Na ce ni ma zan gani, na tattare hijabi na tsuguna a bakin ramin. Ya haska mini wata roba mai kauri da ke riƙe inji da akwatin giya daga baya, wadda suke kira mauntin. Ta rabe biyu tun tuni. Wani ya yanko guntun tsohuwar taya ya cusa a tsagar, ya ɗaure da waya, ya shafe da baƙin mai yadda ba za a gane ba, ya sayar da motarsa. Da guntun ya sulluɓe sai inji ya samu wurin rawa.

"Ki yafe ni, Malama," in ji dattijon daga cikin ramin. "Na ɗora wa ƙafarki laifin da ba nata ba."

Na ce ba komai, kuma har zuciyata ba komai ɗin. Aka sa wata robar. Da na fita gwaji sandar tana tsaye ƙyam, ƙasan motar shiru.

Maigidana bai ce komai ba a ranar, bai kuma ce washegari ba. Ban tsammaci ban haƙuri daga gare shi ba, na san mijina. Amma bai ce an janye maganar ajiye mota ba, hutu kuma yana ta ƙarewa, ni kuma na ƙi tambaya.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ya shirya da sassafe kamar kullum. Ina jira in ji tashin babur, sai na gan shi tsaye a bakin ƙofar ɗaki da jakarsa.

"Malama, in ba ki da wani aiki, ki kai ni kasuwa mana."

Na ɗauki makulli. Muka fito. Kafin a kai shagon Yaya akwai wani lungu da ke ɓullewa titi ta baya, ba mai ganinka. Na rage gudu, na kunna sigina zan shiga, don in sauƙaƙa masa.

"Ina za ki? Miƙe."

Na miƙe. Majalisar ta cika, ana shan shayi, Yaya yana tsakiya a kujerarsa. Kawuna suka juyo. Maigidana ya lalubi maɓallin gilashi bai samu ba, na sauke masa daga wajena. Ya fito da kansa waje sosai.

"Yaya, ina kwana? Za mu Maigatari, ko akwai saƙo?"

Yaya ya riƙe kofin shayi a hannu, ya dube shi, ya dube ni.

"Babu," ya ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Na amsa da amin, na sa giya ta biyu, muka hau titi.