Ƙwaryar da Aka Bar wa Kare

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ya cika makarantu da malamai 'yan ƙasar waje, muna da wata malamar lissafi daga ƙasar Filifin. Ta iya aikinta, wannan ba zan hana mata ba. Amma a ajinta mai hasken fata ke zama gaba. Ni da nake baƙa kamar gindin tukunya, can baya ta ajiye ni, kusa da tsintsiya.

Ƙawata kuwa fara ce sol, 'yar wata ruga kusa da Ruma. Malama ta ɗauka jinin Larabawa ce, har "'yata" take ce mata. Ita kaɗai ce mace daga rugarsu da ta taka sakandare, shi ma da sharaɗi: mahaifinta ya ce ranar da ya ga boko na koya mata raina gida, ta gama.

Wata ranar ziyara sai ga shi. Ya tako da ƙafa har Batsari ya hau motar kasuwa, ɗauke da kindirmo da curin man shanu cikin ƙwaryar auren matarsa, mai zane. Ya zo gode wa matar da ke riƙe masa 'ya. Ƙawata ba ta iya buɗe baki gaban mahaifinta saboda kunya, sai aka jawo ni tafinta.

Malama ta leƙo daga gidanta, ta ga sanda a kafaɗa da wuƙa a ƙugu, ta toshe hanci da hankici. Ta tambaya ko baran gidan su ƙawata ne. Da na ce mahaifinta ne, sai ta ce su ma suna da irinsu a ƙasarsu, mutanen duwatsu da Musulmin kudu, ba wanka, ba karatu, sai yawo da makami. Wai abin tausayi ne yarinya mai kyau haka ta fito cikinsu.

Ni da ba na tauna magana, ranar na shirga ƙarya. Na ce, "Baffa, ta ce ta gode, Allah ya ƙara yawan garke."

Ya ce, "Madalla, 'yata. Ce mata ta sha da sanyinsa."

Ta karɓa da yatsu biyu, ta dire a baranda, ta kira karenta. Ya tsoma baki yana lasa. Wannan ba ya buƙatar tafinta.

Baffa bai ɗaga murya ba. Da aka ɗauraye ƙwaryar aka miƙo masa, ya ce a bar wa karen, ya riga ya gaje ta. Ya dubi 'yarsa, wadda ke tsaye bayan malama, ya ce da hutu ta taho da akwatinta gaba ɗaya.

Na kai ƙara wurin shugabar makaranta, na yi ta masifa. Ta ce in yi haƙuri, baƙuwa ce, kuma malaman lissafi na da wuyar samu. Bayan hutu ƙawata ba ta dawo ba. Malama ta ɗan yi cigiyarta, sannan ta ba wata fara kujerar.

Da na gama makaranta na tashi daga gidanmu a Safana na je Ruma nemanta. Na tarar rugar ta tashi, ba wanda ya san inda suka nufa.

Abin da har yau yake ci mini rai, malamar nan ita ma Turawan da ke koyarwa a makarantar ba sa shan shayi da ita. Na ɗauka wanda ya ɗanɗana raini ba zai zuba wa wani ba. Ashe gangarawa yake yi, sai ya sauka kan wanda ba shi da na ƙasa. Ƙawata ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Ni ce nake da takardar shaida.