Baka Huɗu a Ɗakin Kwano

Ranar da mai duba makarantu ya zo ganin 'yan harbinmu ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma ku sababbin malamai gara ku ji labarin daga bakina.

Lokacin ina shekarata ta biyu a wata makarantar 'yan mata da ke wajen Gezawa, ina koyar da motsa jiki. An tura ni birni kwas na mako biyu kan wasan harbin kibiya, na dawo da takardar shaida da baka shida. Hajiya, shugabar makarantar, ta ɗora ni kan ƙungiyar harbi.

Darasin farko sunaye ne. Bakan zamani kashi uku ne: mariƙi a tsakiya, sai hannuwa biyu masu lanƙwasa, na sama da na ƙasa. Igiyar da ake ja ita ce tsirkiya. Kibiya tana da tsini, tana da fukafukai uku masu daidaita tafiyarta, a gindinta kuma akwai tsagar da tsirkiya ke shiga. Kwari shi ne gidan kibau. Sai fatar da ake ɗaurawa a hannu don kada tsirkiya ta tsula wa mutum. Ba a sakin tsirkiya babu kibiya, ba a zuwa ɗauko kibau sai an busa usur. Ina son waɗannan kalmomi ƙwarai. Nakan faɗi "tsirkiya" a hankali ina hanyar gida, don daɗinta kawai.

Harbin ne ban iya sosai ba.

A zango na biyu aka kawo mana Malama Rabi, malamar lissafi, 'yar wani Sarkin Baka daga wajen Shanono. Wata Laraba ta tsaya kallonmu, sai ta ce, "Malama Zulai, ɗan ara mini in taɓa." Ta gyara mayafi, ta ja tsirkiya har gefen bakinta, ta saki, har sau uku. Kibau uku suka taru a tsakiyar allon harbi kamar an dasa su da hannu. Yara suka ɗau ihu. Ni ma na tafa, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Daga nan komai sai Malama Rabi. Sadiya, shugabar ɗaliban ƙungiyar, wadda ni na koya mata riƙon baka, ta wuce ni da gudu wata rana tana cewa, "Malama, ina Malama Rabi? Tsirkiyata ce ta yi sanyi." Ina tsaye da usur a wuya kamar 'yar rakiya.

Ranar da za a tafi hutu, tsakiyar bazara, na shiga ɗakin ajiya na tarar Rabi ta kwance tsirkiyar baka shidan duka.

"Wa ya sa ki?" na tambaye ta.

"Baka ma yana son hutu, Malama. Babanmu ba ya barin nasa a ɗaure ya kwana, balle a ɗakin kwano da wannan zafi."

"Wannan ba bakan farauta ba ne. Na kwas ne."

Ta yi dariya. "To, ranki ya daɗe, mai takarda."

Gaskiyar magana, an faɗa mana haka a kwas, yana nan rubuce a littafina da hannuna. Amma da ta fita sai na ɗauko igiyar da ake ɗaura tsirkiya da ita na shiga mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Na gaya wa kaina sun fi kyau a ɗaure, jere a bango kamar jinjirin wata. Na ɗaure huɗu, mai motar da zai kai ni gida ya yi ta danna oda, na kulle ɗakin na tafi.

Da aka dawo hutu, a makon farko Hajiya ta kira ni ofis. Mai duba makarantu zai zo washegari, kuma rahotonsa ne zai nuna ko yaranmu za su je gasar birni ko a kwashe kayan a kai wata makaranta.

Ya zo da hantsi, aka sa masa kujera ƙarƙashin darbejiya. Sadiya ta tsaya ta jero sunayen kaya babu kuskure ko ɗaya, ya gyaɗa kai. Sannan ta ɗauki baka ta ja. Tsirkiya ta zame daga hannun sama, bakan ya yi ƙara, kibiya ta faɗi gaban ƙafarta. Zafi ya murɗe hannuwan. Na biyu haka, na uku haka, na huɗu har ya fara tsagewa.

"Wa ke kula da kayan nan?" in ji shi.

Rabi ta dube ni kawai. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

"Ni ce, Alhaji," na ce. "An kwance su, ni na mayar."

"Saboda me?"

Na sunkuyar da kai. Hajiya ta cire tabarau ta ce, "Zulai, ke da muka tura kwas?"

Rabi ta ɗauko biyun da ban kai gare su ba, ta ɗaure. Yara goma sha biyu suka yi ta karɓa-karɓa da baka biyu har azahar, suka yi harbi mai kyau. Alhaji ya rubuta cewa ƙungiya ta ci gaba, amma yara huɗu kaɗai za su je gasa tunda kaya sun ragu, kuma a mayar da kulawar hannun Malama Rabi. Ni aka bar wa karanta sunayen waɗanda za su zauna. Takwas na kira, kowace ta amsa "Na'am, Malama" ba tare da ta ɗago kai ba.

Ba zan ce muku kishin ya tafi ba. Har yanzu idan Rabi ta ja baka nakan kau da ido. Abin da na koya dai shi ne, a aikin koyarwa idan malamai biyu suka yi ja-in-ja, da wuya ɗayansu ya ji ciwon. Yara ne ke ɗauka, kuma da safe su zo su gaishe ki.