Gurbin sunan 'yar fari

Shekarun baya, lokacin da taki ya gagari talaka, damina kuma ta yi ta mana gardama, babbar 'yata tana shekarar ƙarshe a makarantar Bici, tana karatun kwamfuta. Mahaifinta ya riga ya faɗa mata cewa rumbu ba zai ɗauki maimaita aji ba. In ta faɗi, sai gida.

Aikinta na ƙarshe wata 'yar manhaja ce mai tuna wa iyaye mata ranar rigakafin yara. Malamansu suka ce kowa ya zo da mutumin ƙauye ya gwada a gabansu. Ni ta zaɓa, wai don na yi yaƙi da jahilci, ina iya harhaɗa baƙaƙe.

Ana gobe za mu tafi, da la'asar, ta ajiye mini kwamfutar aro a kan tabarma. Wuta babu, cajin kuma ya kusa ƙarewa. Na sa sunana da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar tsaba. Sai manhajar ta tambayi sunayen 'ya'yana, tun daga na fari. To, ita ce ta farin. Tun da na haife ta bakina bai taɓa kama sunanta ba, haka na ga uwata ta yi da yayanmu. Na tsallake gurbin, na danna.

Jan rubutu ya cika allon, komai ya tsaya cak.

"Inna, me kika taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komai ba. Na lalata kayan mutane ko?"

Ta ƙura wa jan rubutun ido. Can ta ce, "Ba zagi ba ne, layin da manhajar ta yi tuntuɓe yake nuna mini. Na ce mata ta ɗauki harafin farko na sunan yaro ta yi masa lamba. Ta miƙa hannu, ba ta tarar da komai ba." Ta ɗago. "Inna, don Allah, gobe ki rubuta sunana kawai."

"A gaban maza? Ke ma kin san ba zan iya ba."

Ta ce tana iya sa manhajar ta haɗiye kuskuren ta wuce shiru, amma duk yaron da uwarsa ta yi kunya irin tawa, rigakafi zai wuce shi ba wanda ya sani. Ta sunkuya tana rubutu da sauri. Ba ta kai ga gwadawa ba kwamfutar ta mutu.

Washegari motarmu ta makara, muna isa aka kira ta. Malamai uku a zaune. Babbansu ya ce, "Bismillah, Inna, ki yi yadda kika ga dama."

Na zo gurbin nan. Na ji numfashinta a bayana. Na ɗora yatsa a kan harafin farko na sunanta, na yi niyya har ga Allah, yatsan ya ƙi. Na rufe ido na danna haka nan.

Da na buɗe, ba ja. Layi ɗaya ne da Hausa, na karanta a hankali: "Ba ki sa suna ba. In na fari ne, sa abin da kike kiran sa da shi."

Na rubuta: Yayarsu.

Malamin ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce mata, "Wa ya tuna miki da wannan?" Ta nuna ni da haɓa. Ta ci.

Har yau in jikokina suka ga jan rubutu a waya suka firgita, nakan ce su karanta tukuna, wurin tuntuɓen ake nuna musu. Ita kuwa yanzu koyarwa take, ta ce darasin farko da take ba ɗalibanta shi ne su tanadi amsa saboda mai barin gurbi. Sunan nata dai har gobe ban faɗa ba.