Zangon Da Muka Yi A Cikin Rafi

Na tsufa a Makka, abubuwa da yawa na manta da su, amma ranar da ruwa ya cinye mana mota a hanyar zuwa ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne muka baro Kano a lori, ni da maigidana da 'yarmu ta goye. Wani tsohon madugu ne jagoranmu. Sau biyu ya zo Makka a ƙasa da jakuna, ya rantse sai mun bi sawun mahajjatan farko, zango bayan zango. Muka ƙetare kogin Shari a jirgin fito, muka shiga ƙasar Wadai, ciyawa shimfiɗe iya ganinka.

Wata rana da azahar madugu ya sa direba ya gangara cikin wani busasshen rafi mai faɗi. Ya ce nan magabata ke sauka, ga inuwa, ga ruwa in an tona yashi. Maza suka shimfiɗa buzaye. Ni kuwa na lura matan ƙauyen da muka tarar suna ɗiban ruwa sun bar ramukansu, suna kora awaki kan tudu. Ba ma jin yaren juna, amma wata ta kama hannuna ta nuna mini arewa, inda hadari ya yi baƙi can nesa, ta nuna yashin, ta kai hannu wuyanta.

Na ce wa madugu, "Baba, a wane wata kuka sauka nan?"

Ya ce, "Da rani. Me ya kawo tambaya?"

"Yanzu damina ce."

Ya yi dariya. "Malam, uwargidanka za ta karɓe mini sandar madugu."

Maigida ya ce, "Ke, zauna, kada ki kunyata ni."

Ban zauna ba. Na goya 'yata, na sauke tukunya daga wuta, na hau tudu. Matan ayari suka biyo tukunyar, maza suka biyo matansu suna mita. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, amma kafin la'asar muka ji ruri, ruwa ja ya taho da itatuwa. Direba ya yi ta faman fitar da lori, taya ta nutse a yashi, da ƙyar ya tsira da ransa. Lori ta tafi da kayanmu duka.

Madugu bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya dubi ruwan, ya gyara rawani, ya ce, "To, a ɗaura takalma." Kuma gaskiya in faɗa, shi ya fitar da mu. A ƙasa ya san kowace rijiya da kowane ƙauyen da ke ciyar da baƙo, har muka isa inda ake samun mota, ba mu rasa mutum ko ɗaya ba.

Tun ranar, duk inda na sauka, ina girmama wanda ya taɓa bin hanya, amma wadda ke ɗiban ruwa a wurin nake fara tambaya.