Gangaren Albasa da Tudun Bulo

Da mahaifinmu ya rasu, gonarsa ta bayan garin Yelwa ta zama tamu, ni da ƙanena. Ni ne babba, aka ce in fara zaɓa. Na zaɓi gangaren, baƙar ƙasa mai laushi inda albasa ke yin kai kamar dunƙulen hannu. Shi ya tashi da tudun, jar ƙasa mai tauri wadda ko gero ba ya son ta. Ranar har tausayinsa na ji, kaɗan dai.

Sai gari ya fara tahowa. Gonakin maƙwabta suka koma filaye, filayen suka koma katangu, kowane magini na neman bulo. Ƙanena ya jingine fartanya ya sayo akwatin buga bulo. Ya haƙa tudun nan, ya kwaɓa, ya shanya layi-layi. Kafin su gama bushewa mota ta zo ta kwashe. Cikin rani uku ya yi rufin kwano, ya sayi babur. Ina durƙushe ina ban ruwa, sai ya wuce ya danna mini oda. Wallahi har cikin haƙorana nake jin ƙarar nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna, da ta koma cewa "a tambayi ƙanenka" a kan kowace maganar gida.

Hassada ce, ba zan sauya mata suna ba. Rani na huɗu ban dasa albasa ba. Na ɗauko leburori muka fara kankare gonata don ni ma in buga bulo. Ƙanena ya sauko da gudu.

"Yaya, wagga ƙasa taka ba ta gini ta ba, ta abinci ta. Don Allah bar ta."

Na ce ashe baƙin ciki yake yi mini.

Bulona ya bushe ya tsattsage, in ka ɗaga sai ya ruguje a hannu. Wani magini ya zo ya taka guda da ƙafa, ya yi mini sannu da aiki, ya haura tudu. Damina ta cika ramin da muka haƙa, ta kwashe ragowar ƙasar ta kai kogi.

Yanzu albasar miyarmu daga kasuwa ake sayo ta. Bara ƙanena ya same ni a bakin ramin. Na shirya wa dariyarsa, amma sai na ga idonsa ya cika.

"A da, kullum in na gaji, gonarka nika kallo," ya ce. "Ita kaɗai tar rage daga gonar Baba."