Moznu Miya da Bangon Hawa na Tara

Faɗanmu na farko da Moznu Miya a kan fenti aka yi shi. Na shiga kai wa matarsa Shefali miyar kifi, na same shi a kan kujera yana shafe funfunar da ta baƙanta bangon ɗakin kwanansu.

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Gobe mai duba gidaje zai zo, ka goge masa abin da zai duba?"

Ya ce, "Yaya, baƙo ne fa. Ya tarar da gidana haka, ya ce mu mutanen garin Silet ƙazamai ne?"

"To, ka haɗa masa da shimfiɗa ya kwana!"

Wata guda bai gaishe ni ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana girki a wani gidan abinci nan gabashin Landan, shi ya sa ko ɗigon mai ya gani sai ya goge. Hawa na tara muke, ƙofa da ƙofa, a benen ƙaramar hukuma. Ruwa na tsatsafowa daga sama, Shefali kuma asma ta kama ta. Da ƙyar 'yarsu ta ja shi suka kai ƙarar hukumar kotu. Alƙali ya ba hukuma kwana hamsin da shida ta gyara. Moznu ya raba alewa har hawa na huɗu.

Yau wata goma sha ɗaya da wannan hukuncin. Sau uku suna turo mutum, kowane da sabuwar fuska. Kowane zuwa Moznu zai wanke bango, ya kunna turare, ya soya samosa. Mutumin ya ci, ya shinshina, ya rubuta cewa laimar kaɗan ce. Ni ban iya karatu ba, amma abin da ya rubuta na karanta shi a fuskarsa.

Yanzu ta bango nake jin numfashin Shefali, kamar ana jan zarto. Sau biyu motar asibiti ta zo.

Jiya na leƙa. Silin ya kumbura daidai saman gadonta, ya yi ciki, yana ɗiga a tukunya. An ce Asabar za a yi ruwa mai yawa. Moznu ya ce mutanen hukuma sun yi waya, Litinin za su zo, bai kamata su tarar shi da matarsa sun bar gida ba.

Na ce, "Kai zauna ka jira baƙinka. Shefali dai, ka ɗauko min ita kafin Juma'a, ko na zo da maza su ɗauke ta da gadon."