Farantin da Na Ajiye a Ƙasa

Shekarun baya, cikin watan Satumban 2012, ranar wata Alhamis da misalin ƙarfe biyar na yamma, mu biyu ne zaune a wani shagon shayi a unguwar Hadayek el-Maadi, ni da abokina. Kwanana tara ke nan a Alƙahira. Na zo aikin fassara da karanta labarai a wani gidan rediyo, na bar matata a Katsina sai na samu wurin zama tukuna. Shi kuwa abokin nawa likitan dabbobi ne. Tare muka tashi a Jibiya, iyayensa mutanen Maraɗi ne. Ya shekara shida a wani ƙauye a tsakiyar Faransa yana duba shanun manoma, wani ɗan kwas na mako biyu ne ya kawo shi Masar.

Na ce masa tunda ya riga ni ɗanɗana baƙunci, ya koya min yadda ake zaman ƙasar mutane.

Ya ce, "Kai da kake ba duniya labari, ni ne zan koya maka?"

Na ce, "Labarin duniya na sani. Inda ake sayen tukunyar gas ne ban sani ba."

Ya yi dariya, ya juya bayan takardar kwas ɗinsa, ya jera min shawarwari goma sha biyu, duk daga zamansa na ƙauyen nan. Wasu ba su shafe ni ba ko kaɗan, kamar a sayi itacen jin ɗumi tun da bazara, ko a je a gaida magajin gari. Wasu kuwa sun shiga raina nan take. Kada ka buga ƙofar maƙwabci ba tare da ya san da zuwanka ba. Daga sha biyu zuwa biyu lokacin cin abinci ne, ba a damun kowa. Ranar hutu ba a hayaniya. Duk wata takarda da ta shigo hannunka, ko ta wutar lantarki ce, ka adana ta. In kana da koke, ka rubuta, ka ajiye kwafi.

Na ninke takardar na sa a aljihu. Dole in faɗi gaskiya a nan: waɗannan da suka shiga raina, sun shiga ne don sun dace da halina. Ni mutum ne mai son ƙofa a rufe, da magana a rubuce.

Bayan mako guda na samu gida a unguwar Ainu Shams, hawa na biyar, na ƙarshe, ɗaki biyu da falo, kusa da tashar jirgin ƙasa. Yarjejeniyar wata shida muka yi da mai gidan, wani magidanci mai shagon kayan wuta, da alkawarin za a sabunta in an zauna lafiya. A takarda gidan nasa ne. A zahiri kuwa na mahaifiyarsa ne, wadda ke hawa na huɗu, daidai ƙarƙashina. Kowa Hajja yake ce mata. Tsohuwa ce mai jiki, mai ciwon gwiwa, tana kiwon agwagi a saman rufin gidan. Kullum ƙarfe bakwai na safe ina jin hawowarta da bokitin abincinsu, taki ɗaya, hutu ɗaya, har ta wuce ta bakin ƙofata. Ni kuwa a lokacin ina ciki ina gwada karatun labarai da ƙarfi, yadda aka koya mana. Ban taɓa buɗewa ba.

A mako na biyu, ranar wata Juma'a, aka buga min ƙofa. Hajja ce, tana haki, riƙe da faranti na tangaran mai shuɗin zane a baki da ɗan tsagu a gefe. An jera mahshi a kai, wato ganyen kabeji da aka naɗe shinkafa a ciki, yana tururi.

Ta ce, "Ungo, ɗana. Namiji shi kaɗai ba ya cin abin kirki."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya da Larabcin littafi, irin wanda nake fassara jawabin ministoci da shi. Ta ɗan dube ni, ta juya ta sauka.

Na cinye tas. Na wanke farantin sau biyu, na goge. Sai na duba agogo, na ga ƙarfe ɗaya da rabi. Lokacin cin abinci ne, ba a damun kowa. Don haka na zauna na buga wasiƙar godiya a kwamfuta, sakin layi uku. Washegari na fitar da ita a ofis, na sa hannu, na ninke. Da na dawo na ɗora ta a kan farantin, na ajiye shi a ƙasa a bakin ƙofar Hajja, na hau abina ina jin na yi abin da wayayyen baƙo zai yi.

Faranti bai sake hawowa ba. Ban kawo komai a raina ba. In mun haɗu a matakala ina gaishe ta, tana amsawa a taƙaice. Na ɗauka ciwon gwiwa ne.

Cikin Janairu ruwa ya fara ɗigowa daga rufin ɗakin da na shirya wa matata. Na hau na duba, na tarar bahon agwagin Hajja ne, daidai saitin wata tsaga. Na sauko na rubuta wasiƙa ta biyu. Na ambaci ranar da ɗigon ya fara, da faɗin wurin da ya jiƙe, na roƙi a ɗauki matakin da ya dace. Na zura ta ƙarƙashin ƙofarta. Na ajiye kwafi.

Ranar da ya rage kwana goma sha biyu wata shidan ya cika, mai gidan ya hawo da kansa. Ya ƙi zama.

Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya ustaz. Ƙarshen wata muna buƙatar gidan."

Na tambaye shi ko na yi wani laifi ne. Ya ce ko kaɗan, ai bai taɓa samun ɗan haya mai tsafta irina ba. Na ce masa matata za ta iso farkon watan gobe, da cikin wata bakwai, kuma da takardar hayar nan zan nema mata izinin zama. Ya shafa kansa, ya dubi matakala, ya rage murya.

"Ni ba ni da matsala da kai. Hajja ce. Ta ce ba za ta zauna ƙarƙashin mutumin da ya ajiye mata faranti a ƙasa ba."

"A wanke yake fa."

"A nan, ustaz, farantin da ke ƙasa a matakala na kyanwoyi ne. Kuma wayam ka mayar da shi. Mu faranti ba ya komawa wayam, ko lemo biyu ne a ɗora." Ya sake duban matakala. "Ga kuma takardun. Mahaifiyata ba ta karatu. Da ta ga takarda bugaggiya da sa hannu, ta ɗauka daga kotu ce. Ta kai wa mai kantin magani ya karanta mata, a gaban mutane. Ta farko sun yi dariya. Ta biyu ba su yi ba."

Da ya sauka na zauna a falo na daɗe. A sana'armu ana koya maka ka tambayi kanka wa kake yi wa magana kafin ka buɗe baki. Shekara tara ina koya wa sababbin ma'aikata wannan.

Da yamma na kira matata. Na karanto mata abin da ya faru a tsare, kamar rahoto. Ta bari har na kai aya.

Ta ce, "Malam, tsaya. Wayam ka mayar?"

"Da wasiƙa."

"Wasiƙa ake ci? Ko a nan gida wa ka taɓa gani ya mayar da kwano haka? Shekara nawa kana ganin Inna tana jefa ko dunƙulen magi ne, ko sabulu?"

Inna mahaifiyata take nufi. Na ce ban taɓa lura ba.

"Ina za ka lura, kana cin abin da ke ciki. To yanzu ni da cikin nan a ina za mu sauka? A gidan rediyo?"

Na ce zan nemi wani gidan a unguwar Hayyin Ashir. Ta ce in nema, amma kafin nan in cika wa tsohuwa farantinta. Na ce ai faranti ya koma tun wata biyar da suka wuce.

Ta ce, "To ba ka san ƙofarta ba ne?"

Washegari ƙarfe goma na safe, bayan na ji ta sauko daga wurin agwagi, na tsaya a bakin ƙofar Hajja. Na karanta labarin juyin mulki kai tsaye muryata ba ta yi rawa ba, amma ranar sai da na ɗaga hannu sau biyu kafin na buga.

Ta buɗe kaɗan. Hannuna ta fara duba.

"Wata takardar ce?"

"A'a, Hajja. Aron faranti na zo."

"Wane faranti?"

"Mai shuɗin baki. Wanda kika hau da shi."

"Kyanwoyin sama ne suka aiko ka?"

Ta bar ni a tsaye, ta shiga ciki. Na ji ƙarar kwanuka. Ta dawo ta miƙo min shi, ta rufe ƙofa.

Abu ɗaya nake da shi a gidan da ya isa a ɗora a farantin. Wani ɗalibi ɗan garinmu ya zo min da dambun nama daga wurin mahaifiyata makonni uku kafin nan, ina ta cin sa cokali ɗaya a rana don ya kai ni. Na juye shi duka. Na sauko na sake bugawa. Wannan karon ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, ta koma ta zauna a kujerarta, ta bar ni a bakin ƙofa da faranti har sai da ta ce, "Yalla, shigo, iska kake sako min."

Ta ɗebo dambun da yatsu, ta ɗaga shi saitin taga.

"Wannan auduga ce ko nama?"

"Nama ne."

"Wa ya yi masa wannan dukan?"

"Mahaifiyata."

Ta sa a baki. Yajin ya kama ta, ta yi tari, ta sha ruwa, ta goge ido da gefen mayafi. Sannan ta ƙara ɗiba.

"Allah ya ba hannunta lafiya. Ta san ka ajiye min faranti a ƙasa?"

"Ba ta sani ba."

"Kada ka gaya mata."

Daga nan ta wanke ni, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce wata biyar tana wucewa ta ƙofata da bokiti, tana jin ina magana ni kaɗai da babbar murya, har ta rasa ko aljanu ne da ni ko kuwa gwamnati nake yi wa aiki. Ta ce zancen ruwa kuwa, da na buɗe ƙofa na ce, Hajja, ruwa na zubo min, da a ranar an matsar da baho. "Taki goma sha takwas ne tsakanina da kai, na ƙirga su da gwiwata. Me takarda za ta yi a taki goma sha takwas?"

Na ba ta haƙuri da ɗan Larabcin titi da na tsinta, wanda rabinsa kuskure ne. Ta gyara min kalma biyu. Ta tambayi watannin cikin matata, na faɗa mata. Ta ce wane irin miji ne zai kama wa mai ciki hawa na biyar. Maganar haya kuwa ba ta taɓo ta ba, ni ma ban yi gigin ɗagowa ba. Da zan fita ta ce, "Gobe ƙarfe bakwai bokitin yana bakin ƙofata."

Kwana huɗu ina hawa da bokiti, tana biye da ni tana gaya min wace agwagwa ce mai mugun hali. Ni da kaina na ja bahon zuwa ɗaya kusurwar. A rana ta biyar mai gidan ya hawo da sabuwar yarjejeniya.

Ya ce, "Ta ce shekara ɗaya. Ta kuma ce kada ka rubuto godiya."

A ƙarshen makon na kira abokina, ya riga ya koma ƙauyensa na Faransa. Na ce masa takardarsa ta kusa sa a kore ni daga gida. Ya saurari labarin duka, ya yi dariya har sai da na ji wata saniya ta amsa masa daga baya. Sannan ya ce, "Takardar tana kusa? Karanto min ta ɗaya."

Na ɗauko na buɗe. Da rubutunsa na likitoci an rubuta: A makonka na farko, ka buga ƙofar kowane maƙwabci, ka faɗi sunanka, ka riƙe wani abu a hannu.

Na ce ban tuna da wannan ba.

Ya ce, "Ka tuna mana. Ni ma wata huɗu na yi ina kewaye ta, har wani tsoho ya daina ɗaga min hannu daga kan tarakta. Shi ya sa na sa ta a sama."

Har yanzu ɗalibai da sababbin ma'aikata kan tambaye ni shawarar zaman ƙasar waje, nakan kuma faɗa musu abin da na sani: su adana takardunsu, su koyi lokutan mutanen gari, su tambaya kafin su yi. Shawarwarin abokina ba su yi ƙarya ba, wadda ta ce a adana takardu ma ta fisshe ni ba sau ɗaya ba. Abin da na gano game da kaina shi ne, in aka jera min shawara goma sha biyu, nakan tsince waɗanda dama su nake son yi, in kira su hikima. Shi ya sa yanzu in mutum ya nuna min jerin da aka ba shi, nakan tambaye shi wacce ce bai yi ba tukuna.

Matata ta iso farkon Afrilu. Hajja ce ta raka ta asibiti haihuwa cikin Yuni, ina wurin aiki. Mun zauna a gidan har ƙarshen 2015. Ranar da za mu tashi, farantin a wurinmu yake. Matata ta cika shi da cincin, ni na sauka da shi, na buga ƙofa, na ba ta a hannu.